Gidan da Na Gina wa Inna a Azuba

A shekarun da zan ba ku labarinsu, Edita, ni ba kowa ba ce illa wata mai sayar da doya a kasuwar Lafiya, 'yar shekara talatin da 'yan kai, mai 'ya'ya uku da tsohuwa guda. Maigidana ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, ya rasu ya bar mu a gidan ma'aikata da wa'adin 'yan watanni mu kwashe kayanmu. Lokacin muna ƙarƙashin Filato, duk takardar da ta isa takarda sai ta je Jos ta sha sanyi kafin ta dawo. Mutane suna kirana Hajiya tun ban san ko hanyar filin jirgi ba, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba, don sunan yana yi mini daɗi. Halina ke nan tun ina yarinya a Kwandere: nakan shiga abu da raina tun bai zo ba, in share shi, in shimfiɗa tabarma a ciki in zauna. Inna takan ce ko gishiri aka aike ni sayowa sai miya ta ƙone ina tsaye a hanya ina kallon gajimare. Ba zan ambaci sunan kowa a wannan wasiƙa ba. Wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma ba su yi mini laifin da zan kira sunansu ba.

Abin da marigayi ya bar mini mai daraja shi ne wani fili a Azuba, da takardarsa ta gwamnati. A lokacin Azuba gonakin rogo ne da 'yan gidaje jefi-jefi, in ka tsaya da hantsi ba abin da kake ji sai kukan kurciya. Nakan je in tsaya a tsakiyar filin, ciyawa har gwiwa, in ga ɗakuna sun miƙe a gabana, in ga rijiya, in ga inda inuwar baranda za ta faɗa da la'asar. Ba don kaina kaɗai nake wannan mafarki ba. Inna, mahaifiyata, ta ƙare rayuwarta a ɗakunan mutane: daga gidan miji zuwa gidan ƙaninta, daga nan zuwa gidan surukinta, abin da ta fi jin kunyarsa a duniya. Ga kuma yanar ido ta soma rufe mata gani. Wata rana tana ɓare agushi ta ce mini, ba tare da ta juyo ba, abu ɗaya take roƙon Allah, ya ɗauki ranta a inda ba mai ikon ce mata ta gusa da tabarmarta. Na ce mata in dai ina numfashi sai na yi mata wannan. Na faɗa ne da bakin mai kuɗi, alhali a ranar abin da ke ɗaure a bakin zanena bai fi na cefane ba.

Sai Allah ya buɗe wata ƙofa. Na samu kwangilar kai doya da garin kwaki da manja wata makarantar kwana ta 'yan mata. Doyar ina ɗaukowa ne daga wajen wata ƙawata 'yar Tibi da ke noma a bayan Agyaragu, doguwar mace mai dariya kamar ana juye tsakuwa, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, ni ma kai take ce mini. Ya kamata in bayyana yadda muke harkarmu, don a nan kuskurena ya samo tushe. Nakan loda ƙwarya biyar ko shida, kowace ƙwarya doya ɗari, a akori-kura ba tare da na ba ta ko kwabo ba, sai makaranta ta biya. In ranar da muka yanka ta zo hannuna babu komai, ba na ɓuya. Nakan hau mota in je da ƙafata, in riƙe mata sabulu ko gwangwanin gishiri ko ɗan yadi, in gaishe ta, in gaya mata halin da ake ciki. In ta karɓi abin hannuna ta ba ni ruwa na sha, to wa'adi ya matsa gaba, ba sai an faɗa ba. Haka kowa yake yi a harkar doya, haka na ga iyayenmu suna yi. A wurinmu mai bashin da ya zo gaisuwa bai makara ba, wanda ya ɓuya shi ne maƙetaci.

Wani akawu abokin marigayi ne ya nuna mini hanyar banki. Shi ya cike mini fom, shi ya raka ni aka yanka mini haraji na biya, aka kawo mini takardar shaidar biya daga Jos, mai hatimi da sa hannu, don ba a ba da lamuni sai da ita. Na naɗe ta a leda na sa a ƙasan akwati. A tunanina irin takardar fili ce, sau ɗaya ake yi a rayuwa. Daga nan aka kai ni gaban manajan bankin, wani dattijo mai sanyin murya da furfura a gefen kunne. Ya karɓi takardar filin a matsayin jingina, ya yi mini bayani da Hausa tiryan-tiryan: ga abin da zan riƙa kawowa ƙarshen kowane wata, ga kuɗin ruwan da ke hawa in an yi jinkiri, ga abin da banki ke da ikon yi da gidan in jinkirin ya yi yawa. Wallahi ya faɗa, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ni idona yana kan fankar silin ɗinsa tana juyawa, ina zaɓen launin fentin ɗakin Inna. Malamin unguwarmu ya ɓata fuska da ya ji zancen kuɗin ruwa, na ce masa lalura ce, na wuce.

Ban taɓa jin daɗi a duniya kamar na watannin ginin nan ba, kuma har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙen siminti sai su dawo mini. Nakan baro kasuwa da azahar in zauna a kan tarin bulo ina kallon magina, rana tana narkewa a kan gonakin rogo, komai yana rawa a idona kamar a cikin ruwa. Ɗaki huɗu a gaba, biyu a baya kusa da rijiya. Kuɗin banki sun isa gini da rufi, amma ni gidan da ke cikin kaina yana da shuɗin fenti, da tagogin gilashi, da ƙofar ƙarfe mai zanen ganye, don haka na zuba ribar doya na yi su duka. Inna ta zaɓi ɗakin baya, ta ce tana son jin ƙarar guga. Ranar da muka tare, idonta ya riga ya tafi sai dishi-dishi, ta bi bango da tafin hannu tun daga zaure har madafa, tana ƙirga taku, tana shafa kowace kusurwa kamar fuskar jika. Da yamma hadari ya haɗo, ruwan farko ya sauka a kan sabon kwano. Ta zauna a bakin ƙofarta ta miƙe ƙafa, ta ce in yi shiru, tana sauraron rufinta.

Wata bakwai na farko na biya a kan kari. Matsalar ita ce banki wata yake ƙirgawa, makaranta kuwa zango take ƙirgawa, kuma ko zangon ya ƙare sai cek ya yi yawonsa a ofisoshi. Watan da na fara rasa abin kaiwa ban ji ko ɗar ba, don na san abin da mai mutunci yake yi. Na zaɓi doya goma manya, irin waɗanda sakwararsu take tashi fara sol, na kai gidan manaja ranar Asabar. Ya fito da kansa, ya sa aka shigar da doyar, matarsa ta kawo mini ruwan sanyi. Ya ce ba komai Hajiya, amma a daure a kawo ko rabi ne, don takarda ba ta jira. Ni dai ba komai ɗin na ji, sauran ta bayan kunnena ta bi. Ya karɓi abin hannuna, na sha ruwan gidansa, me ya rage? Na dawo gida ina 'yar waƙa.

Daga nan abin ya zama jiki. Wata ya mutu, in kai doya, wani lokaci da galan ɗin manja ko riɗi. In makaranta ta biya sai in kai wa banki wani abu, in biya ƙawata, sauran kuma sai gidan ya kira ni: yau katanga, gobe dakali a baranda, jibi murfin rijiya. A raina banki ya zama kamar wani kawu mai haƙuri da ke zaune a cikin gari. Ƙawata ta taɓa yi mini magana muna loda mota, da na ba ta labari ina alfahari. Ta daina dariya, ta ce ita a ƙungiyar matan cocinsu ta ga yadda harkar takarda take, manaja ne yake cin doyar nan, banki bai taɓa ɗanɗana ba, in je in tambayi abin da aka rubuta a kaina. Na ji haushi, na ce mata ita me ta sani game da manyan mutane. Wasiƙu kuma suna zuwa ta hannun akawun nan, cikin ambulan mai ruwan ƙasa, da Turanci. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, Hausa kawai nake karantawa, kuma ina jin nauyin in kai wa wani ya ga cikina. Sai in jera su a cikin kwalla in rufe, in ce ai mun riga mun yi magana da mai wasiƙar baki da baki.

Ta wajen da ban zata ba aka fara. Ƙarshen wani zango, bayan na yi wa makaranta jigilar abinci mafi yawa da na taɓa yi, na je karɓar cek, ma'ajin makarantar ya ce umarni ya zo daga sama, ba a sake biyan ɗan kwangila sai ya nuna shaidar biyan haraji. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na koma gida na ciro takardata daga leda, ko lanƙwasa babu, na ajiye masa a tebur ina murmushi. Ya duba, ya ɗago ya dube ni, ya ce Hajiya wannan ai ta shekara uku da suka wuce ce. Ya ce duk shekara ake zuwa a bayyana abin da aka samu, a yanka, a biya, a karɓi sabuwa. Na ce ai ina ba mai unguwa ɗan abin da yake karɓa, ina kuma biyan kuɗin rumfa a kasuwa. Ya ce wannan daban, wancan daban.

A ofishin haraji aka tambaye ni littafin cinikina. Littafina yana cikin kaina, sai 'yan zane-zanen gawayi a bangon rumfa. Jami'in ya ce tunda ban kawo bayani a kan lokaci ba, kuma ba ni da abin nunawa, doka ta ba su dama su ƙiyasta da kansu. Ya hau babur ya biyo ni Azuba. Ina kallonsa ya tsaya a bakin ƙofar ƙarfen nan mai zanen ganye, ya ɗaga kai ya bi shuɗin bango da kallo, ya ƙirga tagogin gilashi da bakin biro. Ni kuma, don wauta, har daɗi nake ji yana yaba gidan. Da takardar ta fito, an yanka mini harajin hamshaƙiyar 'yar kasuwa na shekara uku, ga tara a kai. Shi da kansa ya ce mini da ina zuwa duk shekara ina faɗin ainihin ribata, da abin da zan biya bai fi kuɗin 'yan ƙwaryar doya ba. Na ce zan kai kuka, aka ce sai Jos. Na yi ta hawa da sauka a hanyar nan mai kwana-kwana, in zauna a benci tun safe ina kallon fayil-fayil har silin, a ce mai sa hannu ya tafi taro. Watanni suka shuɗe a haka, kuɗina suna kwance a makaranta, na haraji sun tare hanya, kuma ko sisi ba na kai wa banki.

Da na ga abin ya yi nisa sai na ɗauki doya na nufi gidan manaja. Na tarar da wasu mutane a ciki, aka ce an yi masa canjin wurin aiki tun watan jiya. Washegari na je bankin da doyar a bayan ɗan dako. Sabon manajan matashi ne, bai yi mini rashin kunya ba, amma ya ce a mayar da kayan waje, ba ya karɓa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don a wurinmu wanda ya ƙi abin hannunka ya yanke hulɗa da kai ke nan. Ya buɗe fayil ɗina ya juyo mini da shi. Na ce masa ban taɓa ɓuya ba, duk wata ina zuwa, a tambayi wanda ya tashi. Ya ce ya yarda, amma a nan babu inda aka rubuta na zo, abin da aka rubuta shi ne watannin da ban biya ba, da kuɗin ruwan da ya hau kansu, da kwafin wasiƙun gargaɗi. Ya nuna mini sa hannun da ke ƙasan kowace wasiƙa. Na dattijon nan ne. Ta ƙarshe tana cewa an miƙa maganar ga lauyoyi. Na yi shekaru ina jin zafin mutumin nan, ina cewa ya ci doyata ya cuce ni. Yanzu da na tsufa na san ya gaya mini gaskiya a baki ya kuma rubuto mini ita, kunya ce irin tamu ta hana shi mayar mini da kaya a ƙofar gidansa.

Ba inda ban buga ba. Ƙawata, wadda ita ma ina riƙe da kuɗin doyarta, ta sayar da riɗinta tun bai yi daraja ba ta kawo mini a ƙulle, ba ta ko tuna mini da maganar da ta taɓa yi ba. Na sayar da 'yan kunnena da keken ɗinki. Duk bai kai ba. Aka yi gwanjon gidan wata ranar Talata, ina rumfata a kasuwa ina jera doya, don na kasa zuwa. Takardar shaidar biyan harajin ta fito bayan an rage mini wani abu na biya, cek ɗin makaranta ya biyo ta mako bakwai da sayar da gidan. Na riƙe shi a hannu a bakin titi na rasa abin da zan yi da shi.

Wanda ya saya wani tsohon soja ne, Kirista, mutumin wajen Binuwai, mai ɗingishi da ƙafar hagu. Ranar da ya zo ganin gidansa na tare shi a waje, na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa wani namiji ba bayan mahaifina da mijina. Na gaya masa akwai makauniyar tsohuwa a ɗakin baya, ba ta san komai ba, kuma in ta sani ba za ta kai kaka ba. Na roƙe shi ya ba ni hayar ɗakuna biyun baya. Ya tambaye ni me zan ce mata game da shi da iyalinsa. Na ce zan ce 'yan haya na zuba a gaba don kasuwa ta ja baya. Ya ce to shi ke nan Madam, shi ɗan haya ne.

Shekara biyu muka yi a haka. Kullum da safe sai ya ɗingiso har ƙofar Inna ya rusuna ya gaishe ta da Mama, ita kuma ta amsa masa da isa irin ta uwar mai gida. Takan yi masa faɗa in jikokinsa sun bar guga a ƙasa, ta hana matarsa shanya a kan katanga, ta ce a gaya masa kar ya kuskura ya buga ƙusa a bangon 'yarta. Ya ce to Mama, ya bari. Ni kuma ranar ɗaya ga wata in lallaɓa ta zaure in miƙa masa kuɗin haya a ɓoye. Wani lokaci da la'asar, ina zaune kusa da ita ina tsefe mata kai, inuwa ta sauko, guga tana ƙara, ita tana ba ni shawarar inda za a ƙara ɗaki in Allah ya hore, sai ni ma in manta. In ji gidan nawa ne, in shiga tsara mata ɗakin muna gardamar inda ƙofa za ta kalla. Sai an kira sallah in farka.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Ranar da jikin ya yi tsanani, da hantsi, ta ce a kira mata ɗan hayan nan. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya cire hula. Ta laluba ta kama hannuna, ta ce mini ga amana, mutumin nan mutumin kirki ne, ko bayan ranta kar in tashe shi, kar kuma in ƙara masa kuɗin haya. Na ce to Inna. Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce ya gode Mama, Allah ya saka. Ta ce alhamdulillahi, ita dai ta samu abin da ta roƙa. Kafin azahar ta cika. Bayan sadakar arba'in na kwashe kayana na koma haya a cikin gari, ko da yake ya ce in zauna.

Mutane suna ce mini in gode wa Allah, ta tafi da farin ciki. Ina godiya. Amma ni na san abin da na yi mata alkawari, na kuma san abin da na ba ta, kuma har yau ina neman gafarar ƙaryar nan a kowace sallah. Ba talauci ne ya raba ni da gidan ba, don kuɗin sun shigo hannuna sun fita ina kallo. Na ɗauki al'adar da ke aiki tsakanin mutum biyu da suka san juna na kai ta inda mutum yake tashi a kawo wani, na kuma fi son zama cikin gidan da ke kaina a kan in buɗe ambulan in ji abin da ba na so.

Shi ya sa na rubuto, musamman don 'yan'uwana mata masu sana'a da suka fara shiga harkar kwangila da banki. In kin ci bashin gini, ki fitar da na wata kafin ki sayi ko gwangwanin fenti. In kin gaza, ki je ofis, ba gida ba, ki kai abin da ya samu, a rubuta, a ba ki rasit. Haraji kuma ki je da ƙafarki duk shekara ki faɗi gaskiyar abin da kika samu tun ba a zo an ƙiyasta miki ba, ki sayi littafi ko na 'yan makaranta ne ki riƙa rubuta ciniki. Wasiƙar da ba ki iya karantawa, ki kai wa wanda ya iya a ranar da ta zo, kunyar ba ta wuce ta minti biyar. Ni na guje mata, ta kai ni ga durƙusawa a gaban uwata tana barin duniya, ina amsa mata da to a kan gidan da ba nawa ba.